Tayil Ɗin Tsakar Gidanmu

Shekara talatin Baba yana shimfiɗa tayil, bai taɓa zaɓen na tsakar gida da ido ba. Sai ya kwara wa ɗaya ruwa a bakin shago, ya tuɓe takalmi ya taka. In ƙafarsa ta zame, ya ce da mai shagon, "Wannan na falo ne, kada ka karya mini mutane."

Na gidanmu mai kaushi ne. A kansa muka yi guje-guje cikin ruwan sama, ko targaɗe babu.

Bayan rasuwarsa Yaya ya farfasa shi, wai tsohon yayi ne, ya sa mai ƙyalli. Yanzu ko yayyafi aka yi, sai da dafa bango Mama take kaiwa kicin.