Waken Kawu Ɗanjuma

Duk wanda ya taɓa shiga banɗaki a gidan Kawu Ɗanjuma da ke Nasarawa Gwom ya san dokar: sai ka tafi kana tafi, ka dawo kana tafi. Hanyar ta ratsa lambunsa na waken Turawa, wanda 'yan kasuwa ke ce wa girin fis, shi kuma ya ce hannun da ke tafi ba ya tsinka. Buta a hammata za ka maƙale ta. Ni 'yar ƙanwarsa ce, a gidan na tashi, har na yi aure ban samu sassauci ba. Liman ma da ya zo ɗaurin aurena sai da ya tafa.

Wai kuma duk a kan kunya shida ne, da karan dawa da ya kakkafa musu su hau. Irin, in ji shi, mahaifinsa ne ya samo lokacin da yake kuku a gidan wani Baturen kuza, kuma babu kamarsa a duk Filato. Mu dai ba mu da shaida, don ba mu taɓa cin mai kyau ba. Kwanson da ya cika fam na iri ne, a bar shi ya bushe a jikin uwarsa, a ɓare a zuba a gwangwanin madara. Mai tsutsa da wanda ya ƙanjame shi ne rabonmu, shi ma sai ya tsaya a kanka yana jiran godiya.

Wani malamin gona daga wajen Vom ya taɓa kawo masa sabon iri a fakiti, ya yi ta bayanin yawan amfaninsa da saurin nunarsa. Kawu ya juya fakitin gaba da baya, ya ce, "Waye kakansa?" Kawu ya ce shi ba ya haɗa zuri'a da wanda ba a san asalinsa ba, ya watsa wa kaji a gaban mutumin.

Ta Mama Ngozi mai shagon kusa da mu ce ta fi ba ni haushi. Shekaru matar nan tana roƙon ƙwaya goma kacal. Ran nan ya ba ta, unguwa ta ɗauka Kawu ya shiryu. Ashe sai da ya gasa su sama-sama a kasko. Sati uku baiwar Allah tana ban ruwa, sannan ta leƙo ta katanga ta ce, "Oga Kawu, wake naka bai fito ba fa."

"Sanyin hannu ne babu, Madam," in ji shi, ko kunya.

Na ce masa wannan mugunta ce, kuma ran da gwangwanin nan ya salwanta shi ke nan, irin ya ƙare a duniya. Ya ce bakina ya sari ɗanyen kashi.

Da ciwo ya kwantar da shi ya kira ni, ya ce gwangwanin na ƙarƙashin gado, in ɗauke, in shuka da sanyi ya shigo. Ni kaɗai ya yarda da ni, wai don na fi kowa iya tafi. Na ce to, a raina ina cewa har yanzu dai wake.

Ran sadakar uku gida ya cika da dangi daga Bauci, waɗanda ba su san komai ba. Suna neman tabarmi suka ci karo da gwangwani, suka jiƙa, suka zuba a dafa-duka. Ni ina can wajen masu gaisuwa. Aka miƙo mini faranti na ci, na ji wani zaƙi da garɗin da ban taɓa ji ba, har na nemi ƙari. Sai da na je wanke hannu na ga gwangwanin a kife a bakin rariya.

Gaskiya Kawu ya faɗa, babu kamarsa. Na zauna a wurin na yi kukan da ban yi ba ran da aka fita da shi, don abu ɗaya ya taɓa ba ni amana.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa rowarsa, ni ma Ya sa ya yafe mini. Allah Ya ba shi lambun da babu mai taɓa masa.