Mamane Maigadi da Bindigar Cikin Shanta

Kafin motar farko ta tsaya, Mamane ya riga ya share bakin ƙofa, ya yayyafa ruwa, ya ajiye kujerarsa ta roba inda inuwar katanga za ta daɗe. Daga nan sai gaisuwa. Yaran wannan sakandare mai zaman kanta da ke unguwar Malaz a birnin Riyad daga ƙasashe iri-iri suke, kowa kuma yana samun tasa gaisuwar cikin Larabcin Damagaram wanda shekara da shekaru a Riyad ba su gyara ba. Suna kwaikwayonsa a bayan idonsa, ya sani, bai taɓa damuwa ba. Direbobi sun san butar shayinsa. Malamai sun san shi ke zama da yaron da aka manta har sai an zo ɗaukarsa.

Abin da ya jawo wannan jinjina ya faru ne wata Lahadi a 2014, ranar da ake komawa makaranta a nan. Uwais ɗan ajin ƙarshe ne, ɗan Malam Sha'aban, wani Bakano mai tuƙa wa Balarabe mota. A Riyad aka haife shi, bai taɓa taka Najeriya ba, Hausarsa kuwa sai a hankali. Maigidan uban, wato kafil ɗinsa, ya dawo daga farauta a sahara ya bar kayansa a mota. Da safe, a hanyar makaranta, Sha'aban ya ce wa ɗansa, "Kayan kafil na cikin shanta, kada ka taɓa."

To, a bakin mutanen nan jaka shanta ce, but ɗin mota ma shanta ne. Shi uban, jaka yake nufi, ɗan ya ɗauka but ake faɗa. Ya miƙa hannu kujerar baya, ya suri baƙar jaka irin tasa ta ƙwallo, ya shige. Sai da ya zuge ta a wurin canja kaya ya ga ƙaramar bindiga nannaɗe cikin mayafin kai.

Da gudu ya iso bakin ƙofa, jakar a gaba kamar mai ɗauke da tukunyar zafi. "Ammi," ya ce, wato kawu, "wallahi ba nawa ba ne. Ka karɓa."

Mamane ya karɓa. Ya so ya ɓoye ta ya mayar wa Sha'aban da yamma, shi da kansa ya faɗi haka daga baya. Amma wasu yara sun gani, magana ta riga ta fara yawo. Sai ya kai wa mudir, wato shugaban makaranta. Mudir ya kira 'yan sanda ya ce an sami bindiga a jakar ɗalibi. Bai yi ƙarya ba, rabin zancen kawai ya faɗa. Aka tafi da Uwais bisa tuhumar shiga makaranta da makami. Ga ɗan baƙo kuwa abin ba ya tsayawa a ɗauri. Ana gamawa sai a soke iƙamarsa, takardarsa ta zama, a sa shi jirgi zuwa ƙasar da bai san ko titi ɗaya ba.

Mai bindiga ya ce bai tuna inda ya ajiye ta ba. Sha'aban ba shi da bakin matsa masa, tunda iƙamar gidansa duka a hannunsa take. Mudir, wanda sunan makaranta ya fi damunsa, ya kira Mamane ofis. "Kai maigadi ne. Ka buɗe ƙofa, ka rufe ƙofa. Khalas, shi ke nan."

Ita ma iƙamar Mamane a hannun mai makarantar take, kuma ya san ma'anar abin da aka gaya masa. Duk da haka washegari ya tafi ofishin 'yan sanda ya faɗi yadda yaron ya kawo jakar da hannunsa. Suka rubuta, suka ce da kyau, amma sai mai bindiga ya zo ya amsa tasa ce.

Nan ne Mamane ya yi abin da mutanen wata unguwa ke ba da labarinsa har yau. Ya nemi masallacin da mutumin ke salla. Kullum in an tashi aiki sai ya nufi can, ya tsaya daf da shi a sahun magariba, kafaɗa da kafaɗa. In an sallame ya miƙa masa hannu ya ce, "Ya shaikh, Uwais yana gaishe ka." Ba roƙo, ba zargi, ya sa takalminsa ya tafi. Mutumin ya koma ƙarshen sahu, Mamane ya bi shi. Ba yadda za a yi a kori mutum daga masallaci don ya yi gaisuwa. Ana haka har wata rana liman ya juyo ya tambaya, "Wai wane ne Uwais ɗin nan?" Da gari ya waye mutumin ya ɗauki lasin bindigarsa ya kai kansa ofishin 'yan sanda.

Aka saki Uwais, ya zana jarrabawarsa. Ƙarshen shekara makaranta ta ce ba ta bukatar Mamane. Wani mai sayar da albasa a kasuwar Aziziya ya karɓi kafalarsa, wato ya zama sabon kafil ɗinsa, dattijo ya koma ɗaukar buhu a rana. Sha'aban ya je ba shi haƙuri, hawaye na zuba. Mamane ya ce, "Haba Malam. Ni na amshi jakar nan daga hannunshi. Ya zan ce ban gani ba?"

Kai ne, Mamane, ka ga gaskiya tana da tsada ka saya ba ciniki. Maigadin da ya tsare yaro bayan an rufe ƙofa. Ba ɗanka ba ne, ba ma ɗan ƙasarku ba ne, kuma ba wanda zai zarge ka da ka yi shiru. Mun gode, Allah Ya saka. Duk wanda aka taɓa danƙa wa amanar 'ya'yan mutane, maigadi ne ko malami ko direba, in ya ga abu da idonsa, to ya je ya faɗa yadda ka je.

Yanzu baya ya ƙi ɗaukar buhu, an buga maka bizar fita ta ƙarshe, wadda ba dawowa. Uwais yana nan Riyad, an sabunta masa iƙama watan jiya. Kai kuwa jirginka ranar Talata ne.