Fitilar da Na Kashe wa Bukar

Shekara ashirin ke nan da rasuwar Bukar, kuma abu ɗaya nake fatan a ce ban yi ba: cire kan batirin motarsa.

Ni bakanike ne a Nguru, karatuna bai wuce firamare ba. Bukar aminina ne, direba, yana ɗauko tattasai da busasshen kifi daga Gashuwa. Da motocin Beljiyam masu ƙwaƙwalwar kwamfuta suka shigo mana, ba mu san kansu ba. Abin da muka gano kawai, in jar fitila ta kama a gaban direba, ka cire kan batir ka mayar, sai ta mutu. Muka ɗauke shi gyara.

Wata ranar kasuwa Bukar ya shigo gareji, fitilar birki na ci.

"Malam Sale, mai jan idon nan ta dawo fa."

"Ƙato da kai, fitila ke ba ka tsoro?" na ce. Na cire, na mayar, ta ɗauke. Ko ƙarƙashin motar ban leƙa ba. Kafin ya kai garin Jajimaji birki ya ƙi kamawa. Man birkin ne ya tsiyaye. A wannan haɗarin ya rasu.

Watan jiya Modu, babban ɗansa, ya zo gaishe ni. Yanzu injiniyan jirgin sama ne. Cikin hira ya ce su ma sukan kashe kwamfutar jirgi su kunna, matsala ta ɓace. Na ajiye kofin shayina.

"Jirgi? Mai ɗaukar mutane?"

"Baba, akwai ƙa'ida. In ta dawo, jirgin ba ya tashi sai an gano dalili."

Fitilar Bukar sau nawa ta dawo, ina kashewa? Da yana raye, na san dariya zai yi, ya ce ashe dabarar garejinmu ta hau sama. Sannan ya yi alfahari da ɗan da ba ya sallamar inji sai ya ji ciwonsa. Wannan haƙurin shi ne gadon da ya bari.

Modu bai san hannun da ya taɓa motar mahaifinsa ba. A wannan rubutun zai karanta, don bakina ya kasa. Allah ya jiƙan Bukar. Ku kuma 'yan'uwana kanikawa masu riƙe sifana, don Allah in inji ya yi muku kuka, kada ku toshe masa baki ku miƙa wa mutum makulli.