Yadda Ya Meram Ta Raba Maganin Tsufa

"Wallahi jiya a sahun gaba na tsaya, wani ya yi gyatsa, sai ka ce a bakin kogi ake sallar."

"Kifi ko?"

"Kifi! Ɗanye ma kuwa."

"Ai ba shi kaɗai ba ne. Tsohuwarmu ma haka take yi, kuma rabonta da kifi tun azumi."

"Ku bar ta kifi. An ce fitsarin Malam Maikuɗi ya koma ruwan ɗorawa, har da ƙyalli."

"Subhanallahi. Shawara ke nan."

"Shawara ta kama tsofaffin unguwa kaf a mako guda, ta tsallake yara? Wace irin shawara ce mai ladabi haka?"

"To ni dai ban ce komai ba. Amma a tambayi Ya Meram."

A teburin mai shayi aka yi wannan hirar, a unguwar Matsango cikin Azare, wata safiya tsakanin ƙaramar salla da babba a shekarar 2005. Wadda aka ambata kuwa a lokacin tana ƙarshen layi, ta fito daga wani gida za ta shiga wani, da ƙulli a bakin mayafi.

Ya Meram Babarbariya ce, haifaffiyar wajen Geidam. Amarya ta zo Azare, a gaban motar kanwa, kusa da direba, don mijinta Malam Jaji fataucin kanwa da busasshen kifi yake yi. Ta zo ba ta jin Hausa ko ta gaisuwa. A bakin maƙwabta ta koya, musamman bakin Fatu, Bafulatanar Sakwa da katanga kawai ta raba gidajensu. Tun ranar farko Fatu ta leƙo ta ce, "Maraba da baiwata," kamar yadda Fulani da Barebari suka saba tsokanar juna, kuma har suka yi furfura ba a daina ba. Sana'ar Ya Meram turaren wuta da humra. Amaren unguwar da dama da ƙamshinta suka tare, 'ya'yansu ma haka.

Akwai doka guda da ta riƙe tun tana amarya. Duk abin da ya shigo gidanta daga tafiya, na unguwa ne. In Malam Jaji ya dawo da dabino, sai ta ƙulla wa kowane gida nasa. In sabulu ne, ta sa wuƙa ta yanka. An taɓa kawo mata lemun gwangwani guda ɗaya tak daga Makka, ta zuba a murfin kwano aka riƙa kurɓa. Ita ce ta ƙarshe a rabo, sau da yawa ma rabon ya ƙare bai iso kanta ba, ta ce ai ta ga kalarsa.

Malam Jaji ya rasu, 'ya'ya mata sun tafi gidajensu, ɗanta namiji Babagana yana aiki a Kaduna. Sai gwiwa ta fara. Daga nan jiri, daga nan kasala, har ta kai Ya Meram ba ta wuce soro sai da sanda. Da Babagana ya zo ƙaramar salla ya tarar tana salla a zaune, hankalinsa ya tashi. Ya ɗauke ta sai asibitin Likita Tolani, Bayarabiya haifaffiyar Azare, wadda uwarta ke da shagon atamfa a kasuwa.

Ya Meram ta zaci allura za a yi mata ta dawo gida. Sai likita ta gyara zama ta hau tambaya. Me take ci da safe? Yaushe take barci? Shayi kofi nawa? Goro fa? Yaushe rabonta da ganye? Tana fita rana? Da wa take hira?

"Ke 'yar nan," in ji Ya Meram, "ko aurena za a ba ki? Ƙafa na kawo miki."

"Ya Meram, ƙafar ba ita kaɗai ta zo ba, tare da mai ita ta zo," in ji likita tana dariya. "So nake in san abin da jikin ya rasa."

Aka ɗebi jini aka auna. Likita ta ce jinin ya yi ƙasa, kuma tuwo da baƙin shayi kaɗai ba sa riƙe mai shekaru irin nata. Ta ce a ƙara zogale da wake da ƙwai, a raba shayi da lokacin cin abinci, a riƙa ɗan takawa. Sannan ta rubuta ƙwayoyi kala uku na ƙarin sinadarai: ta man kifi, ta ƙarin jini, da wata rawaya ta bitamin.

A hanyar gida Babagana ya faɗi abin da ke ransa. "Ya, in na dawo babbar salla na same ki haka, Kaduna za mu tafi. Ɗakinki na nan an gyara."

Ya Meram ta san gidan. Ta taɓa yin mako a can. Katanga ta fi mutum biyu tsawo, ƙofar ƙarfe, mai gadi, maƙwabcin ma ba a san sunansa ba. Ta dafa dambu ta rasa wanda za ta aika wa, ta zauna ta tasa shi a gaba har ya huce. Ta ce masa, "Babagana, can ai kabari ne mai fanka." Ya ce ya ji, amma magana tana nan.

Kuskuren da ya yi ɗaya ne. Da ya koma Kaduna ya sayi manyan kwalabe, sai ya zuba su a jaka guda da madara da sabulu da turmin atamfa, ya ba direban motar Azare. Jaka ta iso, Ya Meram ta zazzage a tabarma. Abin da ya fito daga jakar tafiya kuwa sunansa tsaraba.

Ta je wajen mai wayar kuɗi da ke ƙarƙashin lema a bakin titi, ta kira shi.

"Saƙo ya iso, Allah ya yi albarka. Waɗannan na kwalba fa?"

"Su ne na likita, Ya. Maganin ƙarfin jiki ne na manya. Ɗaya-ɗaya kowace safiya, kar a wuce haka."

"Na manya. Ɗaya-ɗaya. To na ji."

Ta kuwa ji. Yara ba su samu ba, tunda an ce na manya ne. Kuma ba ta yarda ta ba kowa nasa a dunƙule ba, don ta san halin mutanenta: Malam Maikuɗi, tsohon tela da ke tsakiyar layi, zai iya watsa na mako a baki lokaci guda ya kora da koko. Saboda haka kullum da safe sai ta ƙulla a bakin mayafi, ta ɗauki sanda, ta bi gida-gida da kanta. Ranar farko gidan Fatu kawai ta iya kaiwa, ta zauna tana haki.

"Me baiwata ta kawo mini?" in ji Fatu.

"Ungo, uwar rowa. Maganin tsufa ne daga Kaduna. Ko da yake ke naki tsufan ya wuce magani."

Fatu ta ɗaga ta man kifin a rana tana juyawa. "Wannan ai tsakiya ce. Haɗiya ake yi ko a wuya ake sawa?"

Bayan kwana biyu ta kai gidan Malam Maikuɗi. Mako bai cika ba ta kai ƙarshen layi. Kuma ba a shiga gidan mutane a fita haka nan. Nan a dama mata fura, can a tura mata kwaɗon zogale, gaba a ce sai ta taɓa ɗanwake. Ta ci, ta ji labarin wanda ya haihu da wanda ya yi yaji, ta tashi ta ƙara gaba. Wata rana ta dawo gida sai ta ga hannunta wayam, ta manta sandar a wani gida, ta kasa tuna wanne.

Ita kanta fa? Ranar farko ta haɗiyi ɗaya, don ta san abin da take ba mutane. Daga nan masu karɓa suka ƙaru, har daga bayan layi ake aiko gaisuwa da tuni. Ta duba kwalba ta ga in ta ci nata wani zai rasa, sai ta bari.

Kwalaben da aka ce za su kai bayan salla suka ƙare tun watan babbar sallar bai tsaya ba. Ta koma ƙarƙashin lema.

"Babagana, a ƙaro na kwalbar nan. Sun ƙare."

"Sun me?"

"Sun ƙare tas. Rawayar ma ta riga sauran."

Washegari da hantsi motarsa ta tsaya a ƙofar gida. Ya taho yana lissafin irin ɓarnar da kwalba uku za su yi a cikin tsohuwa. Bai same ta ba. Malam Maikuɗi ya samu a zaune a dakali, ya yi tagumi, da kwanon jiƙon saiwa a gabansa.

"Alhaji Babagana, ka zo a daidai. Ka yafe mini ɗinkin wandonka da na ɓata kana makaranta. Shawara ta kama ni."

"Ashsha. Idonka kuwa fari tas, Malam."

"Ba a ido ta fito ba." Ya rage murya. "A bayan gida take. Kuma duk wanda Ya Meram ke ba mu ƙwayar nan tare, haka yake gani. Da ba don ƙwayar ba ma, ina jin da tuni ta kwantar da mu."

Babagana bai gama haɗa zancen a kansa ba sai ga uwarsa ta ɓullo daga kwana, ba sanda, tana tafe tana yi wa wata mata faɗa ta kan katanga. Ya bi ta da kallo har ta iso.

"Ya, wa ya sha maganin?"

"Wanda Allah ya ciyar."

"Ke fa?"

"Na ga kalarsa."

Ya ce a shiga mota. Ta ce asibitin da ke nan bayan kasuwa ne za a ƙona wa mai? Ta yi gaba a ƙafa, Fatu ta yafa mayafi ta bi don kar a yi ba ita, Malam Maikuɗi ya biyo da kwanonsa. Babagana ne na baya, yana share gumi.

Likita Tolani ta saurari labarin, ta kife kai a tebur, kafaɗunta suna rawa. Da ta ɗago ta fara da Malam Maikuɗi: rawayar ƙwayar ce ke rina fitsari, ba shawara ba ce, ya zubar da jiƙon. Gyatsar kuma man kifi ne. Daga nan fuskarta ta canza.

"Ya Meram, wannan ba dabino ba ne. Jininki na auna, ba na unguwa ba. Akwai wanda ta ƙarin jinin nan za ta cutar, akwai mai shan wani magani da ba sa haɗuwa. Allah ya tsare wannan karon. Duk mai so ya zo a duba shi."

Ta sake auna ta. Ta sa ta tashi ta zauna, ta taka zuwa ƙofa ta dawo. Sannan ta juya ga Babagana. "Ƙafa ta yi kyau fiye da yadda na zata. Yawon nan da ciye-ciyen gidajen mutane sun yi mata rana. Amma jinin yana nan inda na bar shi, kuma shi ke kawo jirin. Dole ta sha maganin."

"Shi ya sa zan tafi da ita," in ji Babagana. "A gabana za ta riƙa sha."

"Za ta sha," in ji likita. "Sai dai wa za ta je gani a can da ƙafa?"

Ya Meram ta ƙura wa ƙasa ido, tana murza bakin mayafin da babu komai a ciki.

"In an bar mata kwalba a ɗaki, kafin azahar ta zaga gari," in ji Babagana. "Na san uwata."

"To a ba ni," in ji Fatu. "Ni ai an ce uwar rowa ce. Ta zo gidana kullum da ƙafarta ta karɓa. Ranar da ba ta zo ba, ni da kaina zan je ƙarƙashin lema in kira ka, ka zo ka kwashi baiwata."

"Ka ji ko?" in ji Ya Meram. "Bafulatana ta samu mulki. Gara Kadunan."

Amma ta faɗa tana satar kallon ɗanta. Shi kuma ya daɗe yana juya makullin mota a hannu, sannan ya ce a gwada zuwa salla, in jini ya hau, magana ta wuce.

Sabbin kwalabe suka iso, wannan karon a leda daban, da sunan Fatu a jiki. Da safe Ya Meram ta yi sallama a gidan. Fatu ta sa ta jira, ta shiga ɗaki, aka ji ƙarar buɗe akwati da rufewa, ta fito da ƙwayoyin a tafin hannu da ruwa a moɗa.

"Buɗe baki."

Ya Meram ta karɓa. Ta kai hannu baki ta tsaya. Ta dubi Fatu, ta dubi ƙwayoyin, hannun ya fara miƙewa da kansa.

"Bismilla mana, ɗauki rawayar..."

"Kul! In kira Kaduna?"

Ya Meram ta janye hannun. Ta sake gwadawa, abin ya ƙi wucewa. Tunda take ba ta taɓa kai abu baki wani na tsaye yana kallo ba tare da ta gutsura masa ba.

"Fatu," ta ce a hankali, "don girman Allah ki ɗan juya mini baya in haɗiye."