Kawu Tanko da Kwararsa ta Yashi

Duk wanda ya san Kawu Tanko a cikinku ya san ba ya amsa gaisuwar saurayi sai ya ga tafin ƙafarsa. Ka durƙusa ka ce, "Kawu, ina kwana?" sai ya ce, "Ɗaga!" Ka ɗaga masa ƙafa a tsakiyar hanya, 'yan mata na wucewa da tuluna suna ƙunshe dariya, ya danna da babban yatsa, ya girgiza kai. "Wannan ko Malumfashi ba za ta kai ka ba. Je ka ka taka tsakuwa, gobe ka dawo mu gaisa." Har liman sai da ya yi masa magana, ya ce amsa sallama wajibi ne. Kawu ya ce ai yana amsawa, a zuci.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, a gidansa na tashi, nan bayan Bakori. Gidanmu na masu narka tama ne tun kakanni: a haƙo ta, a ƙona gawayi, a wuni ana zuga, a fid da ƙarfe a kai wa maƙera. Sai fatake suka fara shigo da ƙarfen kudu, sanda-sanda, ga kyau ga araha. Maƙeran Maska da a da suke bin mu har gida suka koma in sun hango mu sai su tuna suna da wani uzuri. Kawu ya duba ya ce sana'ar nan ta mutu, jana'iza kawai ta rage. Abin da ke ci yanzu shi ne fatauci, a kai kanwa da tufafi Gwanja a dawo da goro. Ya tara samarin unguwa ya ce shi zai koya mana.

Shi kuwa mutumin naku iyakar tafiyarsa a duniya Kafur. Ita ma biki ya je, ya dawo yana jinya. Duk iliminsa a bakin zango ya tsinto shi, wurin fatake masu shan fura, waɗanda kun san in suka fara ba da labari sai ka rage rabi, sauran ma ka yi shakka. Amma abin mamaki, iyaye suka yi ta kawo 'ya'yansu, don babu wani mai koyarwar. Madugai ma, shugabannin ayari, suka saba: wanda Kawu ya ce ya shirya sai su ɗauka ba tambaya. Kowa ya samu wannan shaida, gurgu da malalaci, ban da mutum guda. Ga shi nan zaune yana sunkuyar da kai, taubashina Ilu, madugunmu na yanzu, ɗan Kawu na fari, kuma shi kaɗai ne namiji. Ɗago mana, Madugu, ai ba yau aka fara ba da labarinka ba!

Fatauci sai da jaki, mu kuwa ko jelarsa ba mu da ita. Kawu ya ce wannan ba abin damuwa ba ne. Ya shiga cikin gida ya mirgino turmin matarsa Inna Kande, ya kwantar da shi bisa duwatsu, ya ce ga jaki. A kansa muka koyi shimfiɗa akumari, wato sirdin jaki, da ɗaure mangala. Kana cikin jan igiya sai ka ji ƙafa a ƙugunka, tim! Ka juyo, Kawu ne.

"Kawu, me na yi?"

"Ba ni ba ne, jakin ne. Wa ya ce ka tsaya a bayansa?"

"Haba Kawu, turmi ina ya ga gaba da baya?"

"Haka za ka ce wa na gasken in ya zubar maka da haƙora?"

Rana ta take, Inna Kande ta leƙo riƙe da taɓarya. "Maigida, in jakin naka ya gama kiwo a ba ni shi, dawa na jira."

"Ba ki ga an labta masa kaya ba? Sai mun sauka zango."

"To madalla," in ji ta. "In kun sauka ku ci a can."

Wallahi ranar da yunwa muka wuni, ya ce wannan ma yana cikin karatun.

Sai kuma ƙetare Kwara, babban kogin da ke tsakaninmu da Gwanja. Da rani ya tsaya, rafin bayan gari ya ƙafe sai yashi, Kawu ya kora mu can. Kowa ya tuɓe, ya ɗaure kayansa a ka, ya kwanta rub da ciki yana ninƙaya a cikin yashi mai zafin tsiya. Shi kuwa yana bisa dutse a inuwa yana tsawa: "Igiyar ruwa ta taho! Ku kauce hagu!" Wanda ya yi sanyin jiki sai ya nuna shi da sanda: "Kai, kada ya cinye ka. Fita." Wata rana aka cinye Audu ɗan Mairo mai ƙosai, labari ya isa kasuwa ba tare da bayani ba. Ta bar mai a wuta ta taho da kururuwa, ta iske ɗanta zaune gindin marke, fari fat da ƙura.

"Audu! Auduna!"

Audu ya saci kallon Kawu.

"Ba zai amsa ba," in ji Kawu. "Matacce ne. Ki dawo da la'asar."

Da damina ta sauka, rafi ya kawo, muka ce to ga ruwan gaske ya samu, mu gwada. Kawu ya zaro ido. "Ruwa? So kuke ku mutu a hannuna?" Ko bakin gaɓa bai bari mun taka ba.

Da Sale, ɗaya daga cikin na farkon da ya sallama, ya dawo daga Gwanja, ya zo gaisuwa da goronsa, sai ya ce a hankali, "Kawu, ashe a jirgi ake ƙetare Kwara. Har jakunan."

"Ka nutse?"

"A'a."

"Kada ya taɓa ka?"

"Ko ɗaya."

Kawu ya juyo gare mu, fuska cike da alfahari. "Kun gani ko? Wa ya koya masa?"

To a duk wannan shirme babu kamar Ilu. Shi ke ɗaure mangala ta zauna daram, shi ke ɗaukar abin da mu biyu muke nishi a kansa, shi ya je zango da kansa ya yi ta yi wa fatake hidima har ya san jakin gaske. Amma duk kaka, in ayari ya fara haɗuwa, Kawu zai dube shi sama da ƙasa ya ce bai shirya ba. Wata shekara ya ce tsayinsa ya yi yawa, 'yan fashi za su hango ayari daga nesa. Wata shekara ya ce saurinsa ya yi yawa, jakuna za su ji haushi. Wata kuma atishawarsa ce, wai tana iya tada gari. Muna dariya, shi Ilu ba ya yi. Tsararrakinsa sun je sun dawo, sun yi aure, sun kafa rumbu, shi yana nan yana zuga wutar ƙarfen da ba mai saye. Abin yana cin raina, ba na ɓoye muku. Na taɓa cewa, "Kawu, ni ma da ka ce na shirya, ai Ilu ke gyara mini ɗaurina." Ya ce shi ya sa, in ya tafi wa zai gyara wa na baya?

Shekarar da zan tafi, Madugu Gambo, Allah Ya jiƙansa, ya zo har zaurenmu. Ya ga aikin Ilu a zango, shi yake so. Kun san madugu ba ya ɗaukar ɗan mutum sai uban ya kama hannun yaron ya sa a nasa. Zaure cike da dattawa, Ilu na tsugune a bakin ƙofa. Kawu kuma bakinsa ba ya kama sunan ɗan fari, sai dai "wancan".

"Wancan? Tsayi gare shi."

"Ina so," in ji Madugu. "Ya riƙa hango mana rijiya."

"Ci gare shi kamar gara."

"Mai ɗaukar kaya dole ya ci."

"Atishawa fa?"

"Na ji ta. Ta kori kura."

Dattawa suka kwashe da dariya. Kawu ya duba hagu ya duba dama, ya ga dabara ta ƙare masa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "To bari in faɗa maka abin da nake rufewa. Hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Yana ɗauke-ɗauke."

Dariya ta ɗauke. Madugu ya naɗe bakin rigarsa ya miƙe. "Tanko, da wani ya faɗa da na ƙaryata. Amma uba ne ya faɗa." Ya fita. Na duba bakin ƙofa, Ilu ya riga ya tashi. Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji haushin Kawu ranar ba, na tafi ko sallamar kirki ban yi masa ba.

Abin da ya faru bayan tashinmu Inna Kande ce ta ba ni labari. Ilu ya ci gaba da aikinsa. Ranar kasuwa suka fita shi da uban, Ilu na gaba ɗauke da ƙarfe. Suna ratsa layin masu tufafi sai wani dillali, wanda ya san Ilu tun yana goye, ya miƙa hannu ya jawo kayansa kusa da cinyarsa. Jawowa kawai ya yi. Kawu ya gani. Ya tsaya cak a tsakiyar kasuwa, sannan ya ce wa ɗansa, "Ajiye ƙarfen nan. Je ka ɗauko tabarmarka."

Mu kuma mun wuce Funtuwa, mun sauka wani zango muna jiran ayarin wasu garuruwa. Da hantsi sai muka hango wani dogon abu na tahowa, kai biyu, ƙafa biyu. Ya matso, sai ga Ilu, ƙunshin kaya a hannu, Kawu Tanko a goye a bayansa! Malamin tafiya Gwanja, tun kafin a yi rabin hanya ƙarfinsa ya ƙare. Fatake suka taru suna dariya har da masu faɗuwa. Ilu ya sauke shi a gaban Madugu. Kawu ya dafa sanda ya miƙe da kyar, ya jira har aka yi tsit.

"Jama'a, ku shaida. Ni Tanko maƙaryaci ne. Ban taɓa ganin Kwara ba, ban san inda Gwanja ta fuskanta ba. Wannan duk ƙarama ce. Babbar ita ce wadda na yi a zaurena. Yaron nan ko tsinken wani bai taɓa ɗauka ba. In kun koma ku faɗa a kowace kasuwa, ku ce uban ne ya yi ƙarya."

Madugu ya ce, "To me ya kai ka, Tanko?"

Kawu ya ce, "Shi ya shirya tun tuni. Ni ne ban shirya ba."

Ya kamo hannun Ilu ya sa a na Madugu, ya riƙe hannayen biyu ya ƙi saki, har sai da Madugu ya ce masa an gode. Na ga manyan fatake masu furfura suna gyara rawani ba dalili. Ni kam kuka na yi, ba kunya. Kawu ya share fuska da hannun riga, ya harare mu.

"Amma atishawar nan gaskiya ce. Ku sa shi can ƙarshen ayari."

Aka haɗa shi da wasu masu kai gishiri Bakori, aka ɗora shi bisa jaki, hawansa na farko a duniya. An ce kafin su isa ya sha ƙasa ba sau ɗaya ba, yana tashi yana cewa jakin ne bai samu malami ba.

Daga nan karatu ya watse. Wa zai kai ɗansa wurin mutumin da ya tsaya gaban ayari ya kira kansa maƙaryaci? Shi ma ya san haka zai faru tun kafin ya buɗe baki. Inna ta ce ya koma zama a bakin zango, duk baƙon da ya fito daga yamma sai ya tare shi, ya tambaya ko ya ga wani dogon yaro a hanya. In an ce an gan shi lafiya sai ya ce, "Uhm. Yana dai cin abinci?"

Tafiyar Gwanja takan ci shekara har ta ɗora. Da muka dawo, Ilu ya riga kowa shiga gari, ɗauke da huhun goron da ya zaɓa wa uban ɗaya bayan ɗaya, bai bari kowa ya taɓa ba tun daga can. Ya yi sallama a zaure. Inna Kande ce ta amsa. Goron nan shi aka raba wa waɗanda suka zo yi mana gaisuwar rasuwar Kawu.

Ya Allah, ga bawanKa Tanko nan. Ka san shirinsa kaɗan ne, kamar namu duka. Kada Ka tsananta masa bincike yadda ya tsananta wa ɗansa. Ka yafe masa ƙaryar nan guda, ai wanda aka yi wa ya yafe tun a hanya. Ka riƙe shi kusa da Kai, don irin dalilin da ya sa ya riƙe Ilu. Amin.