Baƙon da Ka Jira Shekara Uku, Abdulgani

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, 9 ga Maris, 1999, Allah ya karɓi ran Abdulgani, ɗalibi ɗan ƙasar Vietnam mai karatun harkar yawon buɗe ido a nan Guangzhou, bayan jinyar kwana biyar.

Abdulgani, a masallacin Juma'a muka haɗu, ina sabon ɗan kasuwa daga Kano, ko gaisuwar Sinawa ban iya ba. Kai ka riƙa yi mini tafinta a shagunan titin Liuhua Lu, ko kuɗin mota ba ka karɓa. Ladanka ɗaya, in saurari labarin ƙauyenku na Musulmi kusa da Chau Doc: gidaje a kan turaku, kogi a bakin ƙofa, mahaifiyarka tana saƙa.

Kun sha gardama da 'yan ƙasarku ɗalibai. Su suna tsoron baƙi za su ɓata gida. Kai kana cewa in baƙi ba su zo ba, masaƙar mahaifiyarka za ta tsaya, matasa su watse birni. Duk son gida ne ya raba ku.

Ranar da ka gayyace ni ƙauyenku na ce, "Bayan Babbar Sallah zan zo." Irin alkawarinmu ne na fatar baki, wanda a Kano kowa ya san ba a shimfiɗa masa tabarma. A zuciyata kuwa cewa nake, me zan saro a can? Sallah biyu suka wuce ina maimaita maka, kana murmushi.

Sai jiya abokin ɗakinka ya kawo mini wani zane da aka samu a jakarka. Ya ce da ni kake kafa wa 'yan ƙasarku hujja, cewa har daga Afirka wani zai zo. Ka rubuta gida, mahaifiyarka ta saƙa zanen domin baƙon, ka ɓoye shi sai ranar tafiya. Wallahi kunya ta hana ni ɗaga kai.

Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka, ya ba mahaifiyarka da 'yan uwanka haƙuri. Na kai fasfona neman biza. Zan je, Abdulgani, in yi mata gaisuwa, sai dai a bakin kogin zan tambayi wani ya nuna mini gidan.