Karcen da Ba a Gani Ba

Shekara goma sha tara Hammu Ait Wahman ya yi yana kula da gilasan na'urar hangen taurari da ke saman dutsen ƙauyensu, a tsaunukan Atlas. Gyaran janareta aka ɗauke shi, tsabtar hannunsa ta kai shi ga gilashi. In wani ƙaton tauraro ya tarwatse can ƙuryar sama, na'urar takan juya ta cafke ragowar haskensa kafin ya dushe, wani ɗan gilashi mai juyawa ya auna ko hasken a jere yake kaɗawa ko a hargitse. Wannan gilashin, ko numfashin wani Hammu ba ya bari ya sauka a kansa.

Wani hunturu awo ya nuna kusan sulusin hasken a jere yake. Shugaban wurin, Dakta Naufal Sebti, ya hauro daga Marrakesh, ya dubi lissafin, ya ce ba a taɓa ganin haka ba, an dai karce gilashin ne.

"Dda Hammu," in ji Dakta, da lakabin da ake girmama dattijo da shi a can, "girma ya zo, hannu ya fara rawa. Ba abin kunya ba ne."

"Dakta, ga makulli. Buɗe ka nuna mini karcen."

Bai buɗe ba. Aka mayar da Hammu gadin ƙofa. Mutumin da ke wanke hannu sau bakwai kafin ya taɓa ƙarfe, shi ne ya koma korar awaki daga bakin shingen waya! A kasuwar Talata har ana ce masa Mai Karce. Matarsa Itto ta daina zuwa gidan biki.

Bayan wata huɗu masu irin wannan na'ura a wani tsibiri suka sanar da awon wannan tauraro, daidai da nasu. Nan da nan Dakta ya tono takardun da ya watsar, ya buga da sunansa, ya tafi taro Turai.

Da ya dawo ya tsayar da mota a ƙofa, ya ce Hammu ya koma ɗakin gilashi, abin rashin fahimta ne. Hammu ya ce a gaban ma'aikata aka ɓata shi, a gabansu za a wanke shi. Dakta ya ce zai duba.

Hammu ya jira har aka gama girbin tuffa, shiru. Ya naɗe jallabiyarsa ya gangara ƙauye. Yanzu injinan ban ruwa yake gyarawa, kuma in hira ta hau kan dutsen, tashi yake ya bar shayinsa.